Daga auduga zuwa masara: Yadda Masar ke bibiyar lokacin tashin faɗa-wuta, da abin da ke jiran manoman rani

A ƙarshen watan Mayun 2019 ne kwamitin kula da magungunan ƙwari na ma'aikatar aikin gona ta Masar ya tabbatar da labarin da masana a birnin Alƙahira suka daɗe suna fargabar ji. An ga tsutsar nan mai cinye masara, wadda Turawa ke kira Fall Armyworm, a wata gona da ke Kom Ombo a lardin Aswan, can kudancin ƙasar.

Daga Kom Ombo zuwa Alƙahira tafiya ce ta fiye da kilomita 800 a mota. Cikin 'yan shekaru tsutsar ta bi kwarin Nilu, ta ratsa Luksor da Ƙena da Sohag da Asyut, har ta kai gonakin da ke arewa da babban birnin, inda kogin ke rarrabuwa kafin ya faɗa Bahar Rum.

Ita tsutsa ba ta da fiffike. Mai yin tafiyar ita ce uwarta, wata 'yar faɗa-wuta mai launin toka, irin waɗanda ke kewaya fitila da dare, wadda faɗin fikafikanta bai wuce santimita huɗu ba. Manomi yakan ga huji a ganye ya ce tsutsa ta sauka, alhali an riga an gama da shi kwanaki kafin nan, a daren da uwar ta zo ta zuba ƙwai ta wuce.

Shi ya sa tambayar da ke gaban masana a Cibiyar Binciken Kare Tsirrai da ke unguwar Dokki, a tsallaken kogi daga tsakiyar Alƙahira, ita ce: yaushe faɗa-wutar ke tashi, sau nawa a shekara, kuma ina iska ke kai ta? Masar ta shafe fiye da shekara ɗari tana wannan lissafi a kan wasu ƙwarin dabam. Abin da ta samu, da abin da ta yi asara a hanya, ya shafi mai noman rani a Kadawa da mai gero a Maradi fiye da yadda nisan wuraren zai sa a yi zato.

Mako guda tsakanin riba da asara

Macen wannan faɗa-wuta tana iya zuba ƙwai kusan 1,000 a ɗan gajeren zamanta na duniya, rukuni-rukuni a jikin ganye. Idan ana zafi, ƙwan kan ƙyanƙyashe cikin kwana biyu zuwa uku. Ƙananan tsutsotsin sukan fara da kankare fatar ganye a fili, kuma a wannan lokaci ne magani kaɗan ke kashe su, su ma tururuwa da sauran maƙiyansu suna samunsu cikin sauƙi.

Bayan 'yan kwanaki sai su gangara cikin zuciyar shukar, inda sababbin ganye ke naɗe, su toshe bakin wurin da kashinsu mai kama da garin katako. Daga nan feshi yakan zama asarar kuɗi, domin maganin ba ya isa gare su sosai. Mafi yawan abin da tsutsar ke ci a rayuwarta kuwa a kwanakinta na ƙarshe take cinye shi, kafin ta faɗo ta shiga ƙasa ta naɗe kanta, ta fito da fikafikai.

Wato tsakanin daren da faɗa-wuta ta fi yawa a sama da ranar da 'ya'yanta suka ɓuya, abin da manomi ke da shi bai fi mako guda ba. Wanda ya san daren yana iya yin feshi sau ɗaya ya wadatar. Wanda bai sani ba sai ya yi sau uku ko huɗu, ya ƙare da ciwon kai da aljihu wayam, masarar kuma ta tafi.

Zafi ne ke juya wannan agogo. A tsakiyar bazara, daga ƙwai zuwa sabuwar faɗa-wuta kusan kwana 30 ne. Idan yanayi ya yi sanyi-sanyi yakan kai kwana 60, a hunturu kuma 80 zuwa 90. Masana kan tara yawan zafin kowace rana su lissafa ranar da zuriya ta gaba za ta tashi, kamar yadda mai kiwon kaji ke ƙirga kwanakin kwanci. Wani rauni da wannan ƙwaro ke da shi kuma shi ne ba ya iya kwantawa ya yi dogon barci ya jira damina ko ƙarshen sanyi. Dole ya samu ɗanyen ganye a kowane wata, in ba haka ba zuriyarsa ta yanke a wurin.

A Amurka, inda asalinsa yake, sanyi kan share shi daga mafi yawan ƙasar kowace shekara. Sai ya rage a kudancin jihohin Fulorida da Tekzas, daga can ya sake bazuwa arewa, zuriya bayan zuriya, har Kanada. Yana iya yin kilomita 100 a dare guda, kuma masana sun taɓa bin sawun wani ayari da iska ta ɗauko daga jihar Misisifi ta sauke a kudancin Kanada, kusan kilomita 1,600, cikin sa'o'i 30.

Ƙasar da ta daina hutawa

Dubban shekaru Masar tana noma sau ɗaya a shekara. Ambaliyar Nilu takan zo a ƙarshen bazara ta shafe gonaki makonni, ta janye ta bar laka, a yi shuka, a girbe, sannan ƙasa ta zauna a bushe tana tsagewa a rana har ruwa ya dawo. Babu wanda ya tsara wannan domin ƙwari, amma ya yi musu illa biyu: nutsewa da ƙuna.

Auduga ce ta sauya lamarin. A wajen 1820, zamanin mulkin Muhammad Ali, wani Bafaranshe mai suna Jumel ya lura da wata auduga mai dogon zare a wani lambu a Alƙahira. Ita auduga a bazara take girma, lokacin da kogin ya fi ƙaranci, saboda haka sai aka shiga haƙa magudanai da gina madatsu, ciki har da babbar madatsar Ƙanaɗir da ke arewa da Alƙahira. Yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya hana masaƙun Ingila audugar da suka saba samu, farashi ya yi tashin gwauron zabi, Masar ta ƙara zurfafa. Aka gina madatsar Aswan ta farko a 1902, aka kammala babbar a 1970, daga nan ambaliya ta zama tarihi.

Ribar a bayyane take: gona ɗaya tana ba da amfani biyu ko uku a shekara, a ƙasar da yawancin jama'arta ke cunkushe a ɗan siririn kwarin kogi, hamada na hagu da dama. Kuɗin da aka biya shi ne babu sauran watan da faɗa-wuta za ta tashi ta rasa inda za ta zuba ƙwai.

Wadda ta fi cin moriyar wannan sauyi ita ce tsutsar ganyen auduga, 'yar uwar tsutsar masara ta yanzu ta kusa, wadda ke yin zuriya kusan bakwai a shekara a Masar. Da hunturu takan zauna a barsim, wata ciyawa da manoman ƙasar ke shukawa domin dabbobi. Idan Mayu ya yi, zuriyar da ta ƙoshi a barsim ta shiga ƙasa, ta fito a matsayin faɗa-wuta daidai lokacin da auduga ke yin ganye a gonar da ke maƙwabtaka.

Da masana suka gano wannan gada, sai gwamnati ta nemi karya ta. A 1913 aka kafa dokar da ta hana ban ruwa ga barsim bayan ranar 10 ga Mayu. Hikimar ita ce ciyawar ta bushe, ƙasa ta yi tauri ta yi zafi, tsutsotsin da ke kwance a ciki su mutu, tashin farko na watan Yuni ya zo da rauni. Doka ce da ba ta buƙatar ko cokali ɗaya na guba, kuma a ganina tana cikin mafi basirar abin da aka taɓa yi a fagen kare amfanin gona a Afirka. Sai dai ta ɗora nauyin a kan talaka mai saniya ɗaya, wanda yankan ciyawa na ƙarshe ke da muhimmanci a wurinsa, shi ya sa kiyaye ta ya zama kokawa tsakanin manoma da jami'ai shekara da shekaru.

Haka aka yi wa wata tsutsar mai launin ja-ja da ke shiga ƙwallon auduga, wadda ta shigo ƙasar a farkon ƙarni na 20 cikin angurya. Tunda a cikin iri da busassun ƙwallaye take ɓuya ta jira shekara ta zagayo, sai aka wajabta gasa irin a wuraren gurzar auduga, da kawar da itacen auduga daga gona bayan tsinka.

Yara miliyan guda, da shekarar da magani ya ƙi ci

Ɗaya hanyar da Masar ta dogara da ita ba abin alfahari ba ce. Da zarar faɗa-wuta ta tashi a watan Yuni, sai a kwashi yaran ƙauye a jera su cikin kunyoyin auduga, suna ɗaga ganye ɗaya bayan ɗaya suna tsinke waɗanda ke ɗauke da ƙwai, a tara a ƙone. An fi son yara ne saboda tsawonsu ya yi daidai da na shukar. A wani rahoto da ta fitar a farkon 2001, ƙungiyar Human Rights Watch ta ce fiye da yara miliyan ɗaya, masu shekara bakwai zuwa 12, ake ɗauka wannan aiki kowace shekara, suna yin sa'o'i 11 a rana cikin zafi, wasu kuma ana mayar da su gonar tun kafin warin feshi ya gushe.

Da magungunan zamani suka zo bayan yaƙin duniya na biyu, sai aka ɗauka an huta da kallon kalanda. Aka riƙa feshi bisa jadawalin ofis, ko faɗa-wuta ta tashi ko ba ta tashi ba. A 1961 tsutsar ganyen auduga ta daina jin maganin toksafin da aka dogara da shi, Masar ta yi asarar kusan kashi ɗaya cikin uku na audugarta, a lokacin da auduga ce babbar hanyar samun kuɗin waje ga gwamnatin Jamal Abdul Nasir. Shekara goma bayan haka, a 1971, wani maganin mai suna leptofos da aka fesa wa auduga ya shanye ƙafafun ɓaunar gida fiye da 1,000, irin waɗanda manoman Masar ke tatsa suna kuma huɗa da su, suka mutu.

Waɗannan masifu biyu ne suka tilasta komawa ga tsohuwar tambaya ta lokaci, amma da sababbin kayan aiki.

Tarkon haske da tarkon ƙamshi

Tun a shekarun 1920 wani masanin ƙwari ɗan Birtaniya, C. B. Williams, wanda ya yi aiki a ma'aikatar gona ta Masar daga 1921 zuwa 1927, ya shagala da ƙaurar ƙwari masu fikafikai. Daga baya, a cibiyar bincike ta Rothamsted da ke Ingila, ya mayar da kunna fitila a kan tarko kowane dare da ƙirga abin da ya faɗa ciki wani ilimi mai zaman kansa. Aikin yana da gajiyarwa, kuma amfaninsa ba ya fitowa sai an jure shekaru, domin lissafin dare ɗaya ba ya gaya wa mutum komai sai an gwada shi da na bara da na bara waccan.

Matsalar haske ita ce yana jawo kowa da kowa, mai laifi da marar laifi. Maganin wannan ya zo ne daga Jamus a 1959, lokacin da Adolf Butenandt ya tace sinadarin da macen tsutsar siliki ke fitarwa domin kiran namiji, bayan ya yi amfani da mata kusan 500,000. Kowane nau'in faɗa-wuta yana da nasa ƙamshin. Idan aka haɗa shi a ɗakin gwaji aka sa a ɗan roba cikin bokiti, mazan wannan nau'in ne za su zo, a ƙirga su da safe.

A farkon shekarun 1980, a Fayyum da ke kudu maso yammacin Alƙahira, masanan Masar da na Birtaniya sun gwada wata dabarar da ta wuce ƙirga. Suka cika gonakin auduga da ƙamshin macen jar tsutsa, har namiji ya rasa inda mace ta gaskiya take, dare ya ƙare ba a haɗu ba. Gwajin ya nuna ana iya kare auduga da feshi kaɗan, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa manyan yankuna. Amma shi ma sharaɗinsa lokaci ne: a sa ƙamshin kafin tashin farko, in an makara an yi aikin banza.

Inda wannan batu ya fi fitowa fili shi ne a bishiyoyi. Masar kusan ba ta da dajin Allah, abin da take da shi dashe ne: layukan bishiyoyin kare iska, da ƙananan dazuzzukan da ake shayarwa da ruwan gari da aka tace, irin na Sarabiyum kusa da Isma'iliyya, da manyan gonakin zaitun a kan hanyar hamada tsakanin Alƙahira da Iskandariyya. A can akwai wata farar faɗa-wuta mai ɗige-ɗigen baƙi kamar damisa, wadda tsutsarta ke huda reshe ta shige cikin itace ta zauna watanni tana ci daga ciki. Mai gona ba zai sani ba sai reshe ya bushe ko iska ta karya shi. Babu feshin da ke bin ta cikin itace. Damar da ake da ita kawai ita ce lokacin da iyayen ke tashi, daga wajen Mayu har cikin kaka, da 'yan kwanakin da jariran ke yawo a bayan ɓawo. Masanan Jami'ar Iskandariyya sun yi shekaru suna bibiyar wannan tashi da tarkuna masu haɗa haske da ƙamshi, domin a kama iyayen da yawa kafin su hayayyafa. Bishiyar zaitun kuwa ba masara ba ce da za a ce a sake shukawa baɗi.

Abin da ya sa Alƙahira da Turai suka damu

Masar tana noma masara da yawa, amma tana shigo da miliyoyin tan daga waje kowace shekara, akasari domin abincin kaji da dabbobi. Bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren a 2022, dala ta yi ƙaranci, kaya suka maƙale a tashoshin jiragen ruwa, har a watan Oktoban shekarar aka ga masu kiwon kaji suna hallaka 'yan tsaki saboda babu abin ba su. An rage darajar fam na Masar sau da dama tun daga lokacin, na watan Maris ɗin 2024 ya kai shi daga kusan 31 zuwa kusan 50 a kan dala ɗaya. Duk buhun masarar da tsutsa ta cinye a Sohag, da dala za a maye gurbinsa, kuma ƙarshensa sai ya bayyana a farashin ƙwai da kaza a kasuwannin Alƙahira.

Tsarin noman ƙasar ma yana taimaka wa ƙwaron. Ana shuka masarar bazara a Mayu da Yuni, wasu kuma su yi ta biyu a Yuli da Agusta. A kudu akwai dawa da rake. Wanda ya makara da shuka yakan tarar faɗa-wuta ta riga ta ninka kanta sau biyu ko uku a gonakin maƙwabta, shi ya sa shawarar jami'an gona ta fi karkata ga shuka da wuri, kuma a yi ta lokaci ɗaya a yanki guda. Shawara ce mai sauƙin faɗa. Manomin da ke jiran ya girbe alkama, ko ya jira layin ruwa ya zo kansa, ba shi ke zaɓar ranar shukarsa ba.

A watan Disambar 2019 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ƙaddamar da wani shiri na duniya kan wannan tsutsa, ta kuma zaɓi ƙasashe takwas da za a gwada dabarun yaƙi da ita. Masar na ciki, tare da Burkina Faso da Kamaru da Kenya da Malawi daga Afirka. A Alƙahira ne ofishin hukumar na yankin Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka yake. Hukumar ta kuma samar da manhajar waya mai suna FAMEWS, wadda jami'i zai shigar da adadin abin da tarko ya kama da abin da ya gani a gona, bayanan su haɗu a taswira guda.

Turai tana kallon wannan taswira da nata dalilin. Hunturunta zai kashe ƙwaron a mafi yawan ƙasashenta, amma idan ya samu mazaunin dindindin a kwarin Nilu da gaɓar Bahar Rum, to an samu Fulorida ta biyu, wadda za ta riƙa aiko da ayari kowace bazara. Iskar Masar daga arewa take kaɗawa a mafi yawan shekara, sai dai tsakanin Maris da Mayu akwai zazzafar iskar hamsin mai tasowa daga kudu. An riga an ga ƙwaron a Isra'ila da Jodan a 2020, a Turkiyya a 2022, a tsibirin Saifurus da Girka a 2023. Tarayyar Turai ta sa shi cikin jerin ƙwari 20 da ta fi tsoro, kuma hakan na nufin ƙarin bincike a kan kayan lambun da Afirka ke sayar mata.

Kada dai a ɗauka tarko ya warware komai. A wurin da ake noma duk shekara, zuriya kan hau kan zuriya, har a rasa wani dare guda da za a ce shi ne ƙololuwar tashi. Tarkon ƙamshi maza kawai yake kamawa, wani lokaci har da na wasu nau'o'in masu kama da su, kuma yawan mazan ba kullum yake daidai da yawan ɓarnar da za a gani ba. Aikinsa shi ne ya ce wa manomi ya shiga gona ya duba yau, kada ya bari sai jibi. Idan babu jami'in da zai kai saƙon ƙauye cikin kwana biyu, adadin ya zama kayan ado a kwamfutar ofis.

Daga Kadawa zuwa Maradi

A Najeriya aka fara tabbatar da wannan tsutsa a nahiyar Afirka, a farkon 2016, ta hannun masanan cibiyar IITA da ke Ibadan, tare da wasu ƙasashe maƙwabta. Cibiyar CABI ta ƙiyasta cewa in ba a ɗauki mataki ba, ƙasashen Afirka 12 masu noman masara za su iya rasa tan miliyan 8.3 zuwa 20.6 a shekara.

A shekarar ce kuma wata faɗa-wutar, ƙarama ƙwarai, ta nuna wa arewacin Najeriya abin da rashin shiri ke jawowa. Ita ce Tuta absoluta, wadda manoman Kano suka laƙaba wa suna Sharon. Daga Kudancin Amurka ta shiga Sifaniya a 2006, ta isa Masar a wajen 2009, ta gangaro yammacin Afirka. A watan Mayun 2016 gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci kan tumatir, kamfanin sarrafa tumatir na Dangote da ke Kadawa ya dakatar da aiki watanni kaɗan bayan buɗe shi, kwandon tumatir ya gagari mai gida. Tun daga lokacin takan dawo idan zafin Maris da Afrilu ya kama, kuma kusan kowane zuwa sai a karɓe ta kamar baƙuwar da ba a taɓa gani ba.

Ƙasar Hausa tana da abin da Masar ta rasa: rani na gaske, wata shida ko bakwai babu ɗanyen ganye a gonar tudu. Ƙwarin gida sun san yadda suke tsallake shi. Tsutsar da ke huda karan dawa takan kwanta cikin busasshen karan da aka yi danga ko aka jingine a bayan gida, ta fito da ruwan farko, abin da masanan Samaru a Zariya suka daɗe da bayyanawa. Ita kuwa murzuna, mai sassaƙa zangarniyar gero, a cikin ƙasa take kwanciya, faɗa-wutarta ta tashi kusan wata guda bayan ruwan shuka, daidai lokacin da gero ke fitar da kai.

Saboda murzuna tana da lokaci sananne, masanan cibiyar INRAN da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maradi sun samu yadda za su tare ta. Suna kiwon wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro, wanda ke zuba ƙwansa a jikin tsutsar, su sa shi a ƙananan buhunan algarara, a rataye a ƙauyuka idan gero ya fara fitar da kai. Masar ma tana sakin irin waɗannan ƙananan maƙiya a gonakin rake shekaru da dama. Dabara ce mai araha, kuma ita ma kuskuren mako biyu ya isa ya ɓata ta.

Baƙin ƙwari irin tsutsar masara ba su iya wannan kwanciya ba, saboda haka rani kan yi musu kisan kiyashi. Mafakarsu ita ce fadama da wuraren ban ruwa. Madatsar Tiga da aka gina a shekarun 1970 ta mayar da Kadawa da Kura kore a tsakiyar rani, haka Bakolori da Goronyo da kwarin Haɗeja, ga kuma dubban injinan ban ruwa da ke bakin kowane rafi. Masarar gashi da ake sayarwa a bakin titi a watan Afrilu daga can take fitowa, kuma daga can faɗa-wuta ke samun zuriyar da za ta tarbi shukar damina. Gwamnatoci a Najeriya da Nijar suna ta kiran a faɗaɗa noman rani, kuma suna da gaskiya, domin damina ɗaya ba ta ciyar da yawan jama'ar yanzu. Abin da ba a cika ji a jawaban ƙaddamarwa ba shi ne wanda zai riƙa ƙirga abin da ke tashi daga waɗannan gonaki da dare.

Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, cibiyar AGRHYMET da ke Yamai tana yi wa yankin Sahel, kuma manoma sun fara sauraro. Bayanan zafi da iska da ake buƙata domin hasashen tashin faɗa-wuta suna hannun waɗannan hukumomi. Abin da ya rage shi ne ɗaya rabin: tarkuna a wurare tsayayyu kamar Kadawa da Bakolori da Jiratawa, mutumin da ake biya ya duba su kowane mako har shekara goma, ko akwai annoba ko babu, da gidan rediyon da zai faɗa da Hausa cewa a shiga gona a duba cikin kwana uku masu zuwa.

Mataki mai wuya shi ne irin na ranar 10 ga Mayu: a ce wa masu ban ruwa a yanki guda su tsayar da tumatir ko masara na wasu makonni domin a yanke zuriyar ƙwaro. A zamanin da auduga ke da daraja a arewacin Najeriya an yi ƙa'idar tuge itacenta a ƙone bayan tsinka, saboda wannan dalilin. Yau manomin da ya ci bashin taki da fetur, yana kuma ganin farashin tumatir ya fi tsada a daidai makonnin da za a ce ya huta, zai tambayi wanda zai biya shi, kuma ƙungiyoyin masu amfani da ruwa a Kadawa da Bakolori ne za su fara fuskantar wannan tambaya kafin ta isa Abuja.